Akwatin da Ya Kawo Yaya Ashiru

Hayin Banki, Kaduna
Talata, 8 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Husaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar uwargidana Harira da ke tashi duk lokacin da damina ta kankama. Na kira ki sau huɗu ba ki ɗaga ba. Ko kin ɗaga ma rabin maganar zan ji, don injin yankan katako ya gama da kunnena. Shi ya sa na ɗauki biro. Ɗana Nuraddeen zai ɗauki hoton takardar ya tura miki can Jamus. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga aji.

Tun da kika kira ranar Juma'a da asuba kika ce Yaya Ashiru ya cika, kuka ya hana ki ƙarasawa, ban sake jin muryarki ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa can ta fi nan. Kakanninmu ne wa da ƙane, amma ban taɓa ɗaukar mahaifinki ɗan'uwa na nesa ba. Kwana uku muka yi zaman makoki a ƙofar gidana. Mutanen kasuwar Kawo sun zo, tsofaffin ɗalibansa na ajin yamma sun zo, har da masu dogara sanda. Duk wanda ya tambaya na ce masa Allah ya yi wa Malam gata, ya cika ranar Juma'a, an rufe shi ranar Juma'a. Ki turo mini sunayen waɗanda suka yi masa wanka da sallah a can in sa musu albarka.

Yanzu ki share hawaye ki ji abin da Allah ya yi. Ranar Lahadi muna cikin addu'ar uku, ina zaune a kan tabarma ina karɓar gaisuwa, sai ga Harira ta leƙo ta zaure tana yafuto ni. Na zaci shinkafar sadaka ce ta ƙare. Ashe matar Nuraddeen ce ta sauka. Namiji, Husaina! Bayan shekara tara muna jira! Wallahi ban san lokacin da na yi dariya a gaban masu ta'aziyya ba, sai da liman ya ɗan taɓa ni da gwiwar hannu. Ni Tijjani yau ni ne da jika. Na ɗauke shi, bai fi nauyin guduma ba, ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Ko shawara ban yi da kowa ba, na yi masa huɗuba da Ashiru. Allah ya ɗauki ɗaya ya mayar mana da ɗaya kafin a naɗe tabarmi. Mata har sun fara kiransa Malam Ƙarami.

Ranar Lahadi mai zuwa ne suna. Na sayo rago a Mando, ƙahonsa ya yi murɗi biyu, Harira ta ce na haukace. Na ce eh, na haukace ɗin. Gadon yaron ma da hannuna nake buga shi, na ture aikin mutane gefe.

Ki gaishe da maigidanki. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Baffanki,
Tijjani Kafinta

Laraba, 9 ga Yuli

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya gwargwado. Ina taya ka murna, Allah ya raya yaro, ya ba mahaifiyarsa lafiya. A gaishe da Gwaggo Harira da ƙafa.

Baffa, wa ya gaya maka an rufe Baba? Ni dai ban faɗa ba. Ba a rufe shi ba. Yana ɗakin sanyi a wurin masu shirya gawa. Mutanen masallacin da yake zuwa sun yi masa wanka, sun sa masa likkafani, amma bai shiga ƙasa ba, kuma ba a nan zai shiga ba. Ya bar wasiyya a gabana da gaban maigidana cewa a kai shi Kaduna. Ban ɗaga wayarka ba ne saboda tun ranar nake yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ga aikin asibiti da ba a ɗaga mini ba sai kwana biyu.

Ga yadda abin yake. Gawa ba ta ƙetare iyaka sai da takardu. Na samu takardar shaidar mutuwa, da ta likita da ke nuna ba cuta mai yaɗuwa ba ce ta yi ajalinsa. Ofishin jakadancinmu zai buga nasa hatimi. Masu jirgi sun ce sai an yi masa allurar da ke hana jiki lalacewa, sai an sa shi a akwatin kwano an liƙe da darma, sannan a sa wannan a cikin na katako. A ɓangaren kaya zai taho, za su auna su rubuta nauyi, haka suke yi wa kowa.

Abu biyu suka rage, duk suna hannunka. Na ɗaya, takarda daga kwamitin maƙabartarmu cewa an yarda a binne shi a can, kai kuwa kana cikin kwamitin. Na biyu, sunan dattijon da zai karɓe shi a filin jirgin Abuja a gaban jami'an kwastan da na lafiya. In babu mai karɓa, ba za su ɗora shi a jirgi ba. Ni ba zan iya rako shi ba, fasfona yana ofishin da ke sabunta mini takardar zama, in na fita ba ni da hanyar dawowa wurin 'ya'yana.

Na tura wa Nuraddeen takardun, ya fitar maka da su a shagon kwamfuta. Na yi alama a inda za ka sa hannu. Na riga na gama komai, sa hannunka kawai nake buƙata.

'Yarka,
Husaina

Hayin Banki, Kaduna
Alhamis, 10 ga Yuli

Husaina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, jariri yana lafiya, yana shan nono kamar zai ƙarar.

Kwana bakwai! Kwana bakwai ɗan'uwana yana cikin ƙanƙara kamar kifin kwali, ni kuma ina nan ina rantsuwa a gaban jama'a cewa ya kwanta tun ranar Juma'a. Da wane ido zan kalli liman? Kuma kin ce sa hannuna kawai kike buƙata. Wato shawarata ba ta da amfani, ni hatimin roba ne, a dangwala ni a tawada a buga. Kin gama komai kafin ki tuna mahaifinki yana da dangi.

To ki saurara. Tun muna yara muka ji manya na cewa inda aka ɗebo ƙasar mutum can take kiransa. Wanda ya cika a Makka ba a dawo da shi, wanda ya cika a Legas ba a dawo da shi. Ƙasar Allah ɗaya ce. Hakkin mamaci shi ne a gaggauta suturce shi, ba a yi ta yawo da shi a ofisoshi ba. Wannan allurar da kika ambata a layi ɗaya kamar ta zazzaɓi, na tambaya an gaya mini yadda ake yin ta. Huda jiki ake yi. Malamai sun ce abin da ke cutar da mai rai yana cutar da mamaci. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, idonki ya saba, nawa bai saba ba. Sannan a ɗora Malam Ashiru a kan sikeli kamar buhun masara, a jera shi da akwatunan 'yan kasuwa. Shekara arba'in ina kafinta, makarar da na buga sadaka ga masallatai ta fi talatin, ban taɓa buga akwatin gawa ba. Wannan aikin Kiristocin ƙetaren kogi ne, addininsu ya yarda musu.

In kuma kusa da mahaifiyarki yake so, kin manta yadda maƙabartarmu take. Layi ake bi. Ba a ware wa kowa wuri, inda aka tsaya jiya nan ake ci gaba yau. Tsakaninsa da ita sai ya kai tafiyar minti biyar.

Ina ce ni na ce kada ki ɗauke shi? Shekara biyu da suka wuce na ce ki bar tsoho ya yi jinya a ɗakinsa, kika ce can ne ake da injuna. Ga injunan nan.

Kin kuma jefa mini gida cikin rikici. Da surukar Nuraddeen ta ji, ta ɗora hannu a ka, wai an sa wa jikanta sunan wanda bai kwanta ba, wai mai suna zai riƙa waiwayen yaro. Na ce camfi ne. Amma Harira ta bi bayanta, tun jiya suke so in sauya suna. Farin cikin da na jira shekara tara kin zuba masa ƙasa.

Ki nemi maƙabartar Musulmi a can, ki rufe shi gobe Juma'a. Mu a nan mun yi makoki, mun yi addu'ar uku, mun riga mun gama. Ba zan sa hannu ba.

Tijjani

Juma'a, 11 ga Yuli

Baffa,

Wa'alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau tunda ka tambaya, ko da yake ba ka tambaya ba.

Kun riga kun gama. Na karanta wannan layin ya fi sau goma. Kun naɗe tabarmi, kun sami sabon Ashiru mai kama ɗan yatsa, tsohon kuma a tura shi duk ramin da ya samu. Ba sanyin da Baba ke ciki ne ya dame ka ba, Baffa, kunyar mutanen Kawo ce. Kai ka yi shelar abin da ba ka tambaya ba, yanzu kana so gawar ubana ta rufa maka asiri.

Ka ce ƙasar da aka ɗebo mutum ita ke kiransa. Da ƙasar Jamus aka ɗebo aka yi Baba, da bai shekara biyu cikin rigar sanyi uku yana tambayata ko an yi ruwa a gida ba. Ka ce na ɗauke shi. Eh, na ɗauke shi, kuma ni na kwashe kashinsa da fitsarinsa. A shekara biyun nan takarda nawa ka rubuto masa, kai mai alfahari da biro? Biyu. Suna nan cikin Alƙur'aninsa.

Kana ganin ban san akwai maƙabartar Musulmi a nan ba? Akwai, na je na gani, tana da tsabta. Amma a garin nan kabari haya ne. Shekara ashirin da biyar suke ba mutum. In wa'adi ya cika babu wanda ya zo ya sabunta, sai su share wurin su ba wani. Baba ya ji haka daga bakin abokansa na masallaci. Ya kira ni ya ce, "Husaina, shekara talatin na yi a gidan haya a Kawo kafin in gina nawa. Ba zan koma haya da likkafani ba." Na ce zan sabunta. Ya ce, "Ke kin yi alkawari da Mala'ika ne za ki kai lokacin? 'Ya'yanki kuma ko Hausa ba sa ji sosai." Bai ce a sa shi kusa da Inna ba, ya san layi ake bi, ba yau aka haife shi ba. Cewa ya yi, "Tijjani ne zai jera mini itace. Shi ya jera wa uwarki, bai bar kafar da ƙasa za ta zubo ba."

Allurar tana ci mini rai fiye da kai, don ni na san yadda ake yin ta. Na roƙe su, sun ce doka ce.

Abu ɗaya zan tuna maka. Da babban yatsa kake dangwala takarda har ka kai shekara arba'in da biyar. Wa ya je shagonka ya kashe maka inji ya ja ka zuwa ajin yamma? Wa ya riƙe hannunka har ka iya rubuta Tijjani? Sa hannun nan da kake yi mini rowarsa, nasa ne.

Husaina

Laraba, 16 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Kwana biyar ke nan shiru. Nuraddeen ya ce ka karanta takardata ka ninke ka sa a aljihu. Na ga hotunan suna a wayar mutane, rago ya yi kyau, Allah ya raya.

Hukumar garin nan ba ta barin gawa ta daɗe a ajiye. Sun ƙara mini wa'adi sau ɗaya, sun ce ba za su sake ba. Ranar Litinin 21 ga wata, ko dai takardun tafiya su cika, ko a rufe shi a nan. Na nemi mai unguwarku ta waya, ya ce ba zai tsallake ka ba. Sauran 'yan kwamiti ma haka. Kowa ya ce sai abin da Tijjani ya ce.

In Litinin ta yi ban ji daga gare ka ba, zan rufe shi a kabarin haya. Zan tsaya a kansa in gaya masa na yi iya yina, in gaya masa sunan wanda ya hana. Daga nan kuma kada ka sake kirana 'yarka.

Husaina

Hayin Banki, Kaduna
Alhamis, 17 ga Yuli

Husaina,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Cibiyar yaro ta faɗi, uwarsa tana wankan jego lafiya.

Ba a yi wa babba barazana. Ko mahaifinki da ya girme ni bai taɓa yi mini magana da irin harshen nan ba. Da na ce mun gama, makoki nake nufi, ba ɗan'uwana ba, kuma kin san haka, neman abin jifa kike yi. Ba tsoron bakinki ne ya sa na ɗauki biro yau ba, ki sani.

An yi suna ranar Lahadi. Kafin a raɗa, na miƙe a gaban jama'a na ce maganar da na faɗa ranar makoki kuskure ce, Malam Ashiru bai kwanta ba tukuna. Wani daga baya ya ce, "To addu'ar ukun da muka ci shinkafarta fa?" Na ce ya dawo da shinkafar. Aka yi dariya, amma ni na san abin da na haɗiye. Suna kuwa ban sauya ba. Ashiru na ce, Ashiru aka raɗa. Surukar Nuraddeen ta hana kowa furta shi a cikin gida, wai sai mai shi ya shiga ƙasa. Ko Malam Ƙarami sun daina cewa. Jikana kwana goma sha ɗaya a duniya, "yaron nan" ake ce masa.

Jiya da la'asar aka miƙo mini shi a tsakar gida. Ina riƙe da shi ina kallon fuskarsa, sai lissafin nan naki ya faɗo mini. Shekara ashirin da biyar. Na ce to, lokacin da wannan zai isa aure ke nan. Ni ba na nan, wataƙila ke ma ba kya nan. Ranar da za a kai masa lefe, a can wani ma'aikaci zai duba littafi ya ga wa'adin mai sunansa ya cika, ya sa shebur. In ya tambaya ina kabarin wanda aka sa mini sunansa, a ce masa an ba wani. Na kasa riƙe yaron, na miƙa wa Harira. Bayan magariba na je wurin liman, ya ce in ana tsoron a tone mamaci, ɗauko shi ya fi barinsa.

Na sa hannu a takardun biyu. Kwamiti ya buga hatimi da safen nan, Nuraddeen ya tura miki. Ki duba da kyau, ban karkace ba.

Amma da sharaɗi. Akwati ba zai shiga ƙasarmu ba, da likkafaninsa zai kwanta kamar kowa. Ranar da ya iso ranar za a rufe shi. Ba hoto, kada ki ce a riƙe miki waya a bakin kabari. Kuma ban yafe allurar ba, ban yafe sikelin ba.

Tijjani

Talata, 22 ga Yuli

Baffa,

Assalamu alaikum. Takardu sun iso a kan lokaci, an karɓa. Na yarda da sharuɗɗanka duka. Jirgi zai sauka Abuja ranar Alhamis da yamma, amma sun ce sai Juma'a da safe za a ba da shi a ɓangaren kaya. Ka tafi da katin shaidarka da takardun na asali. Lambar da za ka nuna tana wayar Nuraddeen.

Yau na raka shi har ƙofar da ba a bari a wuce. Daga nan sai kai.

Ban janye abin da na faɗa ba. Amma na gode.

Husaina

Hayin Banki, Kaduna
Asabar, 26 ga Yuli

Zuwa ga Husaina,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai gajiya. Tunda na hana hoto, dole in zama idonki. Ga yadda aka yi.

Abin da ba ki yi tunani ba, ni ma sai daga baya na tuna, shi ne wa zai buɗe akwatin. Ni katako na sani, ban san kwanon da aka liƙe da darma ba, kuma ina tsoron in sa ƙarfe in taɓa jikinsa. Na zagaye Kawo da Malali ban sami wanda ya taɓa yi ba. Ranar Laraba na hau mota na ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha, wurin Dauda mai buga akwatunan gawa. Kirista ne, benci ɗaya muka zauna a ajin mahaifinki. Tun rikicin da ya raba garin nan biyu ya tashi daga unguwarmu, ban taɓa zuwa na gaishe shi ba. Yana ganina ya ajiye guduma ya ce, "Tijjani mai kan dutse! Sai yau da akwati ya gagare ka ka san hanya?" Na ce ba nawa ba ne, na Malam ne. Nan take ya shiga ya ɗauko almakashin kwano ya sa a jaka.

Jiya da safe muna ɓangaren kaya a Abuja, ni da Nuraddeen da direban motar ɗaukar gawa. Taga uku muka bi. Na lafiya ya duba hatimi, na kwastan ya karanta takardu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya ce, "Baba, Allah ya ji ƙansa." Sannan aka turo shi a kan keken kaya, tsakanin kwalayen magani da wani injin janareto. A jikin takardar an rubuta kilo ɗari da arba'in da biyu. Yaya Ashiru da iska ke kaɗawa! Na ce miki ban yafe ba, kuma da na gani da idona na ƙara rashin yafewa. Jami'in ya miƙo biro ya ce, "Baba, za ka iya, ko a kawo tawada ka dangwala?" Na ce, "Ɗana, wanda ke cikin akwatin nan shi ya koya mini." Na rubuta sunana cikakke, a hankali, ban bar harafi ɗaya ba.

Mun iso gida kafin a shiga masallaci. A shagona muka sauke shi, muka rufe ƙofa. Ni na kwance na katakon, Dauda ya yanka kwanon ta gefe, a nutse, sannan ya juya baya ya fita waje kafin mu ɗaga. Likkafaninsa fari tas, mutanenki na can sun iya aiki, ki gaya musu. Na buɗe fuskarsa ni kaɗai. Shi ne, Husaina. Kamar yana shirin cewa in gyara zaman biro.

An yi masa sallah bayan Juma'a. Ban taɓa ganin jama'a haka a jana'izar unguwarmu ba, waɗanda suka ci shinkafar uku duk sun biya bashin ƙafa. Dauda ya bi mu har ƙofar maƙabarta ya tsaya nan da hularsa a hannu.

Sai ga matsala. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya jiƙa itacen da masu haƙa suka tanada, rabinsa ya ruɓe, na sa wa ɗaya ƙafa ya karye. Mutumin da ya taho tun daga Jamus don in jera masa itace, ba zan jera masa wannan ba. Na ce a dakata. Na aika aka ɗauko murfin akwatin da zartona. A nan bakin kabari na auna na yanka shi gida bakwai. Na shiga da kaina, na kwantar da shi a kan damansa, na jera katakon ɗaya na manne da ɗaya, na toshe da ɗanyar ƙasa. Ko tsinke ba zai shiga ba. Na ce akwati ba zai shiga ƙasarmu ba, to ya shiga, amma sai da na mayar da shi abin da muka sani. Katako ne mai kyau, gara za ta sha wahala.

Ya cika ranar Juma'a, an rufe shi ranar Juma'a. Mako uku ne kawai a tsakani, wannan kuma ke da ni za mu amsa shi gaban Allah, kowa da rabonsa. Har yanzu ina nan a kan cewa da kin bar shi a ɗakinsa da duk wannan bai faru ba. Ke ma na san kina nan a kan bakanki. Layin da ya samu na kusa da katanga ne, ta gefen bishiyar darbejiya, ana hango shi daga hanyar da nake bi zuwa shago. Ba mai tashinsa a nan.

Da muka dawo na tarar da mata a tsakar gida. Surukar Nuraddeen ce da kanta ta ɗauko yaron ta ɗora mini a cinya, hannuna ko wankewa ban gama yi ba. Ta ce, "To Alhaji, kira shi." Na kira shi. Ya buɗe ido.

In takardar zamanki ta fito, ki zo ki gan su, Ashiru biyun.

Baffanki,
Tijjani